Tsohon anime ko sabo: wanne ya cancanci datarka da lokacinka?

Duk wanda ya fara sha'awar anime, wato katun ɗin Japan mai dogon zango, shawara iri biyu yake samu. Wasu su ce masa ya fara da Naruto ko One Piece domin su ne tushe, wasu su ce ya bar tsofaffin nan masu dishi-dishin hoto ya kama Demon Slayer ko Jujutsu Kaisen. Kowane ɓangare yana da hujja, amma rabon "tsoho da sabo" bai isa a yanke hukunci da shi ba. Abin da ke gaban mai zaɓe rukuni huɗu ne: tsofaffi dogaye, tsofaffi gajeru, sababbi masu fita zango-zango, da tsofaffin labaran da aka sake zanawa.

Ma'aunan da za a bi

Lokaci shi ne na farko. Kashi ɗaya na anime minti 23 ne zuwa 24. A ciki akwai waƙar buɗewa da ta rufewa, kowacce kusan minti ɗaya da rabi, wani lokaci da maimaicin abin da ya faru a baya. Idan ka tsallake su, abin da ya rage bai fi minti 20 ba.

Na biyu kuɗi, kuma a nan kuɗin yawanci data ne da wurin ajiya. Girman fayil ya danganta da yadda aka matse shi, amma a ƙiyasi kashi ɗaya a 480p yakan kama MB 50 zuwa 100, a 720p kuma MB 150 zuwa 250. Lissafin da ke ƙasa an yi shi ne a kan MB 80 da MB 200.

Na uku ƙarko: shin labarin ya kammala, kuma hotonsa zai iya jure kallo a yau? Na huɗu sauƙin shiga, wato kashi nawa za ka haƙura kafin abin ya kama ka. Na biyar haɗari, wanda ya haɗa ciko (labarin da aka ƙirƙiro don cike gurbi), da ƙarshe mara daɗi, da abin da ba za ka so yaro ko surukinka ya leƙo ya gani a allon wayarka ba.

Tsofaffi dogaye: Naruto, One Piece, Bleach, Dragon Ball Z

Waɗannan an yi su ne don su riƙa fita a talabijin kowane mako ba hutu, shekara da shekaru. Naruto ya fara a 2002 da kashi 220, Shippuden ya ɗora daga 2007 zuwa 2017 da kashi 500. Jimilla 720 ke nan, kusan awa 276. Mai kallon kashi biyu kullum ba fashi zai ci kwana 360. One Piece ya fara a Oktoban 1999, ya haura kashi 1,100, kuma har yanzu bai ƙare ba. Bleach na farko kashi 366 ne daga 2004 zuwa 2012. Dragon Ball Z kuma 291 ne, daga 1989 zuwa 1996.

Babbar matsalarsu ta samo asali ne daga yadda ake yin su. Kusan dukkansu daga littafin zane ake ɗauko su, wanda Japanawa ke kira manga, kuma marubucin babi ɗaya yake fitarwa a mako. Kashi ɗaya na talabijin kuwa yana iya cinye babi biyu ko uku. Ba a daɗe sai talabijin ta kamo littafi. Tunda ba a son a tsaya, mafita biyu ce. Ko dai a ƙirƙiro labarin da babu shi a littafin a cike gurbi da shi, wanda shi ne ciko, ko kuma a ja labarin kamar ƙosai a hannun mai rowa.

Naruto da Bleach hanyar farko suka bi. Kusan kashi 40 cikin 100 na Naruto ciko ne, kuma daga kashi na 136 har zuwa dab da na 220 kusan babu abin da ke ciyar da ainihin labarin gaba. A Bleach, labarin Bount da ya ɗauki kashi na 64 zuwa wajen na 109 babu shi a littafin sam. Wannan cutar tana da magani mai sauƙi: akwai jerin lambobin kashin ciko a intanet, ka duba kafin ka sauke, ka tsallake. Naruto zai dawo ƙasa da kashi 450, datar ma ta ragu da kusan kashi 40 cikin 100.

One Piece da Dragon Ball Z sun fi karkata ga hanya ta biyu, ita kuwa ba ta tsallakuwa, domin jan yana cikin tsokar labarin. A faɗan Goku da Frieza na Dragon Ball Z, an ce duniyar Namek za ta tarwatse nan da minti biyar. Minti biyar ɗin nan sai da ya ci kusan kashi goma. Abin da ke cike lokacin shi ne kallon-kallo, da kyamara tana bin fuskokin 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya, da duwatsu suna tashi sama yayin da jarumi ke ihu yana tara ƙarfi. A One Piece, labarin Dressrosa babi 102 ne a littafi, amma ya zama kashi 118 a talabijin, ƙasa da babi ɗaya a kowane kashi ke nan.

To me ya sa har yanzu ake yaba su? Domin akwai abin da tsawo kaɗai ke iya bayarwa. Idan ka yi kashi ɗari uku tare da mutum, ka san malaminsa da abokan yarintarsa da abin da ya rasa, ranar da wani abu ya same shi za ka ji shi a jikinka. Gajeren shiri ba ya iya sayen wannan shaƙuwar komai kyawun zanensa. Ta fuskar data ma suna da rangwame ɗaya: farkon Naruto da One Piece har zuwa kashi na 206 a tsohon allo mai kusurwa huɗu na 4:3 aka yi su, kuma ba a zana su da ingancin HD ba. Sauke su a 1080p asarar data ce kawai, 480p ya wadatar.

Tsofaffi gajeru: Cowboy Bebop, Death Note, Monster

Nan ne araha take. Cowboy Bebop na 1998 kashi 26 ne, awa goma, wajen GB 2. Death Note na 2006 kashi 37 ne. Monster, wanda ya fita daga 2004 zuwa 2005, kashi 74 ne. Duk sun kammala, babu ciko na a zo a gani, babu jiran zango na gaba.

Akwai wani abu game da hotonsu da mutane da yawa ke ɗauka a baibai, suna zaton duk abin da ya fi tsufa ya fi muni. Har zuwa ƙarshen shekarun 1990, da hannu ake shafa fenti a kan wata leda mai garai-garai, a ɗora ta kan zanen bango, a ɗauka da kyamarar fim. Fim ɗin nan ana iya sake ɗaukar hotonsa da na'urar zamani a fitar da shi tar. Daga wajen 2000 aka koma yin launi a kwamfuta, kuma a shekarun farko da ƙaramin ma'auni na talabijin ɗin lokacin ake ajiye aikin. Abin da aka ajiye ƙarami ba ya girma sai dai a buɗa shi ya dushe. Shi ya sa Cowboy Bebop da aka gyara ya fi shirye-shirye da yawa na 2002 zuwa 2005 kyau a babban allo, alhali ya girme su.

Sauƙin shiga ya bambanta sosai a rukunin nan. Death Note yana kama mutum tun kashi na biyu, lokacin da ɗan sandan ciki L ya yi wa Light, jarumin shirin da ke kashe mutane a ɓoye, tarko a talabijin kai tsaye, ya gano yankin Japan da yake zaune ba tare da ya taɓa ganinsa ba. Raunin shirin yana bayan kashi na 25, inda da yawa ke ganin wutar ta ragu. Cowboy Bebop kuwa kusan kowane kashi labarin kansa ne, mafarautan masu laifi ne da kullum aljihunsu a bushe. A kashin farko ma an kawo wa jarumin abincin da aka kira tattasai da nama, ya tona ya tona bai ga naman ba, saboda kuɗin ladan da suka samu ya tafi wajen biyan ɓarnar da shi kansa ya yi. Wanda ke neman faɗa mai hawa mataki-mataki zai ga kamar ba a zuwa ko'ina. Monster shi ya fi kowanne nauyi: likitan ƙwaƙwalwa ɗan Japan a Jamus, ba tsafi, ba ƙarfin ban mamaki, tafiya a hankali. Na manya ne, kuma na masu haƙuri.

Sababbi masu fita zango-zango: Demon Slayer, Jujutsu Kaisen, Attack on Titan, Frieren

Tsarin ya canza. Yanzu shekara an raba ta huɗu, sababbin shirye-shirye na farawa a Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, kowane zango kashi 12 ko 13, wani lokaci a haɗa biyu a yi 24 zuwa 26. Idan zango ya ƙare sai a tsaya, littafi ya yi nisa, sannan a dawo. Ciko ya kusan ɓacewa ke nan, kuma masu zane suna samun damar zuba ƙarfinsu a kashi kaɗan.

Sakamakon a bayyane yake. A kashi na 19 na Demon Slayer, wanda kamfanin Ufotable ya fitar a 2019, akwai wurin da takobin jarumin ke sauyawa daga ruwa zuwa wuta yana kutsawa cikin zaren gizo-gizo, kyamara tana zagaya shi a cikin daji da dare. An haɗa zanen hannu da bangon da kwamfuta ta gina, abin da shirin mako-mako na 2003 ba zai iya ko kusa ba.

Amma kyawun nan yana da farashi, kuma a data ake biyansa. Duhu, hayaƙi, tartsatsi da kyamara mai gudu su ne abubuwan da matse fayil ya fi lalatawa. Wannan wurin da aka ambata, idan ka kalle shi a 360p ko fayil ɗin da aka matse ƙwarai, sararin dare zai rabu layi-layi, wutar ta koma dabbare-dabbaren murabba'i. Ka biya kuɗin sabo ka kalli abin da bai kai tsoho ba. Sababbi suna buƙatar 720p aƙalla, wato data ninki biyu da rabi a kowane kashi.

Wani abin da ke rikita masu kallo shi ne allo ya dusashe ko hoto ya yi inuwa biyu daidai lokacin da faɗa ya yi zafi. Ba wayarka ba ce. Tun Disambar 1997, lokacin da walƙiyar ja da shuɗi a wani kashi na Pokémon ta sa aka kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan, gidajen talabijin na can suke rage hasken duk wurin da ke walƙiya da sauri. Zango na biyu na Jujutsu Kaisen ya sha wannan ƙorafin. Fitowar faifan Blu-ray yawanci ba ta da wannan ragin, don haka ta fi kyau, amma mai farfaɗiya ya yi hattara da ita.

Babban haɗarin rukunin nan shi ne jira. Attack on Titan ya fito a 2013 da kashi 25, zango na biyu bai zo ba sai 2017, da kashi 12 kacal, kuma labarin bai rufe ba sai Nuwamban 2023. Shekara goma. A tsakiyar tafiya aikin ya tashi daga kamfanin Wit Studio ya koma kamfanin MAPPA, salon zanen ma ya sauya. Shi dai ya kai gaci, yanzu ana iya kallonsa a jere. Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. One Punch Man ya burge a 2015 a hannun Madhouse, da zango na biyu ya zo a 2019 daga wani kamfanin sai ingancin motsi ya faɗi. The Promised Neverland ya yi zangon farko mai kyau a 2019, na biyu a 2021 ya tsallake manyan sassan littafin ya dunƙule ƙarshen cikin gaggawa. Wanda ya fara sabon shiri tun yana fita, ya sayi kaya ne a cikin buhu.

Sai kuma sabuwar al'adar saka fim ɗin sinima a tsakiyar labari. Bayan zangon farko na Demon Slayer dole ka kalli Mugen Train na 2020, ko fim ɗin ko kashi 7 da aka mayar da shi na talabijin, ba duka biyun ba, domin labari ɗaya ne. Bayan kashi 63 na talabijin kuma, ƙarshen labarin an tsara shi a fina-finai uku, na farko ya fito a 2025. Jujutsu Kaisen 0 na 2021 shi ma gara a kalle shi kafin zango na biyu. Frieren ya fita daban a cikinsu: zangon farko kashi 28 ne daga 2023 zuwa 2024, labari mai sanyi game da wadda ta fi abokan tafiyarta tsawon rai, jini kaɗan, amma shi ma littafinsa bai kammala ba.

Tsohon labari, sabon zane

Rukunin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ya fi biyan kuɗin sabulu. Idan littafi ya kammala ko ya yi nisa, wani lokaci akan dawo a sake yin shirin daga farko ba ciko.

Fullmetal Alchemist shi ne misali mafi kyau. Na 2003 kashi 51 ne, ya kamo littafin tun ana tsakiyar rubuta shi, don haka daga wajen rabi ya kama hanyarsa daban, ƙarshensa ma sai an haɗa da fim ɗin 2005. Brotherhood na 2009 zuwa 2010 kashi 64 ne, ya bi littafin Hiromu Arakawa har babin ƙarshe. Aibinsa ɗaya: kashi goma sha wani abu na farko a guje suke, saboda an ɗauka mai kallo ya riga ya ga na 2003. Labarin yarinya Nina da karenta, alal misali, kashi biyu aka ba shi a tsohon, a sabon kuwa ɗaya. Duk da haka awa 25 ne, ya kammala, kuma ƙarshensa ya ɗaure kowane zare.

Hunter x Hunter na 1999 kashi 62 ne da ƙarin wasu 30 da aka fitar a faifai. Na 2011 kashi 148 ne, ya wuce inda tsohon ya tsaya da nisa. Shawara ɗaya mai amfani: kalli kashin farko na 1999 kafin ka fara na 2011. Akwai wani mutum mai suna Kite da sabon ya cire daga farkon labari, alhali babban sashen da ya fara daga kashi na 76 a kan alaƙarsa da jarumin ya ginu. Kada launinsa mai haske ya ruɗe ka, sashen nan ba na yara ba ne. Littafin bai ƙare ba, amma shirin ya tsaya a wurin da ba ya barin mutum a rataye.

Dragon Ball Z Kai na 2009 ba sabon zane ba ne gaba ɗaya, tsohon aka gyara aka yanke jan rai, 291 ya dawo ƙasa da 170. Masu son ƙwallo kuma akwai Captain Tsubasa, wanda masu kallon tashoshin Larabci suka sani da Kaftin Majid, masu Faransanci kuma da Olive et Tom. Na 1983 kashi 128 ne, na 2018 ya ba da farkon labarin a kashi 52.

| Shiri | Kashi | Awa | Data | Ya kammala? | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Naruto da Shippuden | 720 | 276 | GB 58 a 480p | E | Ciko |
| One Piece | sama da 1,100 | sama da 420 | GB 88 a 480p | A'a | Jan labari |
| Dragon Ball Z | 291 | 112 | GB 23 a 480p | E | Jan labari |
| Cowboy Bebop | 26 | 10 | GB 2 a 480p | E | Ba ya kama kowa |
| Death Note | 37 | 14 | GB 3 a 480p | E | Rauni bayan kashi na 25 |
| Demon Slayer | 63 da fina-finai | kusan 26 | GB 13 a 720p | Saura fina-finai | Jira, jini |
| Attack on Titan | 87 da dogaye 2 | kusan 36 | GB 19 a 720p | E | Jini sosai |
| Brotherhood | 64 | 25 | GB 13 a 720p | E | Farko a guje |
| Hunter x Hunter 2011 | 148 | 57 | GB 30 a 720p | Ya tsaya a wuri mai kyau | Duhun labari daga tsakiya |

Abin da ya shafi gida, da inda ake samu

Kasancewar abu zane ba ya nufin na yara ne, kuma tsufa ba ya nufin tsafta. Tsofaffin dogayen nan cike suke da barkwancin batsa: dattijo Roshi a Dragon Ball, Jiraiya a Naruto, har ma kashin farko na Naruto akwai siddabarun da yaron ke rikiɗa ya zama mace ba sutura. Shigar mata a One Piece ta ƙara matsewa daga kashi na 517. Sababbin sun rage irin wannan barkwancin amma sun ƙara jini: Attack on Titan ƙattai ne ke cin mutane a fili, Demon Slayer sare kai ne hanyar kashe aljanu, kuma zangonsa ɗaya gaba ɗaya a unguwar karuwai ta Yoshiwara yake. Sannan kusan duka suna ɗauke da tunanin addinan Japan, alloli da yawa, ruhohin matattu, sake dawowa duniya. Babba ya san tatsuniya ce, yaro ɗan shekara bakwai sai an zauna da shi.

Crunchyroll da Netflix su ne manyan hanyoyin halal, da kuɗin wata-wata, kuma abin da ke cikinsu yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka bincika sunan shirin kafin ka biya. Sababbi sun fi sauƙin samu a can, tsofaffi kan ɓace idan lasisinsu ya ƙare. Wanda ya karɓa a wajen masu tura fina-finai a memori ya buɗe kashi uku a gabansu, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, ya tabbatar lambobin a jere suke, rubutun fassara yana tafiya daidai da magana, kuma ba a gauraya mai muryar Japananci da mai muryar Turanci ba. Shafukan kyauta masu tallan da ke buɗe kansa kuwa, da yawansu manhajar cuta suke turawa waya.

Wa ya dace da wanne

Wanda bai taɓa kallo ba kuma yana son ya gwada da abu ɗaya: Brotherhood. Idan awa 25 ta yi yawa, Death Note.

Mai ƙaramar data da ƙaramar waya ya tsaya a tsofaffi gajeru. GB 5 zai ba shi Cowboy Bebop da Death Note gaba ɗaya, kuma 480p ba zai rage musu komai a allon waya ba.

Mai Wi-Fi da babban allo wanda kyawun hoto ya fi damunsa ya ɗauki Demon Slayer, ko Attack on Titan idan yana son wanda ya riga ya rufe kuma jini ba ya tayar masa da zuciya.

Ɗalibin da ke dogon hutu, ko mai son abin da zai riƙa bi kullum bayan sallar isha'i har shekara ta zagayo, Naruto da jerin ciko a hannu. One Piece sai wanda ya yarda ya ba shi kashi 45 na gwaji, zuwa ƙarshen labarin Arlong. Idan bai kama shi a nan ba, sauran dubun ba za su kama shi ba.

Wanda ya girma da Dragon Ball Z yana son ya tuna baya ya nemi Kai. Mai son kallo tare da yara kuma Captain Tsubasa na 2018 ya fi kwanciyar hankali, sauran duka ya fara kallonsu shi kaɗai tukuna.